Daga dajin Taman Negara zuwa tsibiran Langkawi: yadda za ka shirya tafiyar kwana 12 a Maleshiya

Mutanenmu da yawa sun taka Maleshiya, wasu karatu ya kai su wasu kasuwanci wasu asibiti, amma in ka zauna da su ka ce to me ka gani a can, sai ka ji tagwayen benayen Petronas da manyan kantuna da jirgin ƙasa, shikenan. Ni ma haka na kusa shekara biyu ina karatu ban san cewa awa huɗu kacal daga Kuala Lumpur akwai dajin da ake cewa ya kai shekara miliyan 130 ba, sai da wasu abokai 'yan ƙasar suka ja ni. Tun daga lokacin na koma sau uku, kuma na haɗa shi da hawa jirgin ruwa mai ƙyalle a Langkawi, wato irin wanda iska ke turawa. Wallahi tafiya ce da nake so kowane ɗan'uwa mai hali ya yi ko sau ɗaya, amma fa ta shiri ce, don mu 'yan Sahel jikinmu ya san rana ya san ƙura ya san ƙishirwa, abu biyu ne bai sani ba, danshi da ruwa mai zurfi, kuma su ne duk tafiyar.

Mataki na farko, zaɓen wata

Wannan shi ne inda mutane suka fi yin kuskure shi ya sa na sa shi a gaba da biza ma. Maleshiya tana da damina iri biyu kuma ba lokaci guda suke sauka ko'ina ba. Daga Nuwamba zuwa wajen Janairu ko farkon Fabrairu iskar arewa maso gabas tana zuba ruwa a gabashin ƙasar da tsakiyarta, inda dajin Taman Negara yake, kogi ya cika ya yi ja, hanyoyin cikin daji su zama taɓo, wani lokaci ma a rufe su gaba ɗaya. Shi kuwa Langkawi yana yamma ne, can sama kusa da iyakar Tailan, kuma a waɗannan watannin ne yake cikin raninsa, sama garau, teku kwance, iska mai kyau ta tura jirgi. Nasa ruwan yana tsananta ne a Satumba da Oktoba.

Kaga kenan in kana son ka ci biyun dole ka nemi inda suka haɗu, kuma wurin nan ƙarami ne, daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu. Maris ya fi. In ka wuce tsakiyar Afrilu dajin na nan lafiya amma iskar Langkawi ta fara mutuwa, sai ka ga an kunna inji ana ta tafiya da ƙyalle a naɗe. Sai dai a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, toh ka duba kalanda, ni dai shawarata ka bari sai bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki, don tafiyar kilomita 8 a cikin wannan danshin da azumi a baki ba abin da zan so wa kowa ba ne, ko da kuwa matafiyi yana da rangwame.

Sannan daji ake fara shiga kafin teku. Kar ka juya. Za ka fito daga daji ƙafa a kumbure, jiki duk cizo, kaya na wari, jirgin ruwan shi ne hutunka. In ka fara da teku rana ta ƙona maka kafaɗa sannan ka ɗora jaka a kai, za ka gane ba ka da wayo.

Mataki na biyu, takardu

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma ofishin jakadancin Maleshiya yana Abuja. Ka fara nema da wuri, wata biyu ko uku kafin ranar da ka sa, ka karanta sharuɗɗan daga wurinsu kai tsaye don suna canzawa, kar ka dogara da abin da wani ejan ya faɗa maka a waya. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, dole ne ga duk wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru, kuma allurar sai ta kwana 10 kafin ta fara aiki a takarda, don haka ba ranar tafiya ake yinta ba. Akwai kuma fom ɗin shiga ƙasa na intanet da suke kira MDAC, ana cika shi cikin kwana 3 kafin sauka, kyauta ne a shafin hukumar shige da ficensu, duk shafin da ya ce ka biya kuɗi rufe shi.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye, sai ka bi ta Addis Ababa ko Doha ko Istanbul. Suna gabanmu da awa 7, shi ya sa na ware kwana biyun farko a Kuala Lumpur don barci ya daidaita. Ka yi inshorar tafiya kuma ka tabbata ta rubuta tafiyar daji da hawa jirgin ruwa a ciki. Ka tafi da dala sababbi marasa tabo, ka canza kaɗan a filin jirgi sauran a cikin gari, farashin ya fi kyau. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu na Najeriya, 'yan Nijar ne za su nemi adafta.

Abu ɗaya da zan faɗa da babbar murya, kar ka karɓi saƙon kowa, ko leda ce ko ƙunshin yaji ne, in dai ba a gabanka aka ɗaure ba. Dokar ƙwaya a ƙasar nan tana iya kai mutum ga kisa. Maganin da kake sha kuma ka riƙe shi a kwalinsa da takardar likita.

Mataki na uku, shirya jiki tun daga gida

Wata biyu kafin tafiya ka fara yawo da jaka a baya mai nauyin kilo 7 ko 8, awa ɗaya kullum. In kana Kano ga Dala ga Goron Dutse, in kana Zariya ga Kufena, in babu dutse matakalar bene ma ta isa, ka hau ka sauka har cinya ta saba. Dajin ba tsayi ne ke kashe mutum ba, hawa da sauka ne ba iyaka a kan saiwoyi masu santsi.

Sai iyo. Na san da yawanmu ba mu iya ba kuma ba abin kunya ba ne, wanda ya tashi inda babu kogi ina zai koya. Ba sai ka zama gwani ba, amma ka nemi wurin wanka da mai koyarwa ka yi ko sau takwas, ka koyi kwanciya rigingine a kan ruwa ba tare da firgita ba, ka koyi sa fuska a ruwa. Rigar ceto za ta riƙe ka, amma mai firgita ko da riga yana shan ruwa.

Kayan da za ka ɗauka

Manta da jins, manta da shadda, manta da duk wani abu na auduga, don in ya jiƙe a dajin nan ba ya bushewa har ka fito. Riguna irin na 'yan ƙwallo masu dogon hannu guda uku, dogon wando mara nauyi guda biyu, saiti ɗaya kuma ka ƙulle shi a leda biyu, wannan na barci ne kawai, duk wuya kar ka yi tafiya da shi. Da safe ka mayar da jiƙaƙƙen na jiya, ba daɗi amma minti goma ka manta tunda ko sabo ka sa zufa za ta jiƙa shi. 'Yan'uwa mata, matan Malay suna shiga dajin nan da ɗankwalinsu da hijabinsu ba wanda ke kallon kowa, sai dai a nemi gajeren hijabi mai santsi wanda ba zai kama ƙaya ba, da dogon wando da riga mai sauka har gwiwa.

Takalmi, in kana da na hawa dutse wanda ƙafarka ta saba da shi toh, amma kar ka sayi sabo ka fara sa shi a can. Su masu jagora wani baƙin takalmin roba suke sawa mai arha da suke kira adidas kampung, ana samunsa a shagunan Jerantut, yana kama taɓo kuma ka zubar da ruwan ciki ka ci gaba. Ka sayi lamba ɗaya sama da taka ka sa safa mai kauri. Sai safar matsattsaku, wata doguwa ce ta yadi da ake sawa a kan wando a ɗaure ƙasan gwiwa. Tocilan ta goshi da batir na ajiya, maganin sauro na shafawa, filasta, fanadol, ƙullin ORS kamar goma, fawa bank, jakar da ruwa ba ya shiga don waya da fasfo, ƙaramar buta ta roba, da siririyar dadduma. Babban akwatinka ka bar shi a otal a Kuala Lumpur.

Mataki na huɗu, shiga daji

Taman Negara ma'anarsa gandun ƙasa. An kafa shi a ƙarshen shekarun 1930 da sunan Sarki George na biyar, bayan samun 'yanci a 1957 aka canza suna. Faɗinsa murabba'in kilomita 4,343, ya ratsa jihohi uku, Pahang da Kelantan da Terengganu. Ƙofar da aka fi shiga ita ce ƙauyen Kuala Tahan a Pahang.

Daga Kuala Lumpur mota za ta kai ka Jerantut cikin kamar awa 3. A nan za ka ciri kuɗin ringgit da zai ishe ka, kar ka sa ran ATM a gaba. Daga Jerantut hanya biyu ce, ko ka ci gaba da mota awa ɗaya da 'yan mintuna, ko ka je tashar Kuala Tembeling ka hau dogon kwalekwale mai inji ka bi kogin Tembeling kusan awa 3. Ka hau kwalekwalen a tafiya, ka dawo a mota. Zaman akwai gajiya don a ƙasa ake zama ƙafa a miƙe, amma a nan ne za ka ga dajin yana rufe ka a hankali, ga ɓauna a bakin ruwa, ga guza tana shan hantsi a kan gungume.

Ƙauyen yana gefe guda na kogin, gandun yana ɗaya gefen, ƙaramin jirgi ke tsallakar da mutane cikin minti biyu da 'yan canji. Masauki mai sauƙi yana ƙauyen, na masu kuɗi Mutiara yana cikin gandun. Da ka tsallaka sai ofishin hukumar namun daji, PERHILITAN, a nan ake yankar takardar shiga da ta kyamara. Lokacin da na je ringgit 1 ne shiga, kyamara ringgit 5, wayarka ma kyamara ce a wurinsu. Ka riƙe takardar a jikinka. Abinci kuma akwai gidajen cin abinci da ke yawo a kan ruwa a bakin kogin, halal ne, ka nemi kifin patin, kuma akwai masallaci a ƙauyen.

Ranar farko kar ka yi zurfi. Ka hau Bukit Teresek, tudu ne da ya ɗan wuce mita 300, yawancin hanyar an shimfiɗa katako, awa biyu zuwa uku je ka dawo. Wannan gwaji ne, a nan za ka gane yadda jikinka ke zubar da ruwa. Zafin bai kai na Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba ko kusa, digiri 30 da 'yan kai ne, amma iska ba ta motsi kuma zufar ba ta bushewa, sai ka ga rigarka tana ɗiga kamar an tsamo ta daga bokiti. Mu mun saba da jure ƙishirwa, toh a nan juriyar ce ke kayar da mutum. Ka sha lita 3 zuwa 4 a rana ko ba ka ji ƙishi ba, ka zuba ORS a gora ɗaya, in fitsarinka ya yi duhu ko kai ya fara sarawa ka tsaya ka gaya wa jagora. Akwai kuma gadar igiya da aka rataya a saman itatuwa, tsawonta ya haura mita 500, wani wurin mita 40 daga ƙasa, ana yawan rufe ta don gyara saboda haka ka tambaya kafin ka sa rai, ranar Juma'a kuma da wuri suke tashi.

Da dare ka bi yawon tocila na awa ɗaya da jagora. Za a haska maka kunama da wata fitila sai ka ga tana walƙiya, ga gizo-gizo mai faɗin tafin hannu, ga ƙwaro mai kama da tsinke.

Kwana a kogo

Wannan ita ce zuciyar tafiyar, kwana ɗaya yini biyu, kuma ba a yinta sai da jagora mai lasisi. Kwalekwale zai kai ku sama zuwa Kuala Keniam, daga nan ku taka kamar kilomita 8 zuwa kogon Kepayang Besar ku kwana, washegari wasu kilomita 8 zuwa Kuala Trenggan inda jirgi zai ɗauke ku. Kafin ku tashi ma'aikata suna ƙirga robobi da ledoji da batir ɗin da ke jakarku, in kun dawo a sake ƙirgawa, don haka ko bawon alawa ka mayar aljihu.

Kilomita 8 a gida ba komai ba ne, a nan awa 5 ne ko 6. Za ku tsallaka rafi, ku bi ta ƙarƙashin itacen da ya faɗi, wata ƙaya mai kama da ƙugiya ta riƙe maka riga, in ta kama ka kar ka fizga, ja da baya kaɗan ta sake ka. Kafin ka dafa itace ka duba, wasu duk ƙaya ne wasu tururuwa. Za ka ga itacen tualang, fari santsi, dogo har sai hula ta faɗi, zuma na yin saƙa a rassansa na can sama. Za ka ga kashin giwa a hanya, wani ma da ɗuminsa. Amma gaskiya kar ka je da niyyar ganin giwa ko damisa, suna nan amma dajin ya yi duhu da yawa, damisar Malaya ma da ta rage a daji ba ta kai 150 ba. Abin da za ka samu shi ne sauti, kukan birai da asuba da ƙarar gyare kamar injin markaɗe.

Sai matsattsaku. Ba irin na tafkinmu ba ne, waɗannan a ƙasa suke a kan ganye, sirara kamar tsinken ashana, suna tsaye suna kaɗa kai suna jiran ɗumin jiki. Na farko da ya kama ni ban ji komai ba, sai da muka zauna cin abinci na ga safata ta yi ja, na zare sai ga shi ya ƙoshi ya zama kamar ɗan yatsa ya faɗi da kansa, jinin kuma ya ƙi tsayawa kusan awa biyu saboda yawunsa yana hana jini daskarewa. Jagoranmu, wani dattijo mai 'yar furfura, ya kama ƙafata ya wanke da ruwan gora ya danna auduga ya manna filasta, ya ce in ka gan shi yana sha kar ka fizge, ka sa farce a gefen bakinsa ka ture shi gefe. Ba ya sa cuta, susar da za ka yi daga baya ce ke zama gyambo. Duk inda kuka tsaya ku duba ƙafar juna da bayan gwiwa da ƙugu.

Kogon kansa babba ne kamar masallacin Juma'a, ƙasa a bushe, jemagu a sama. Jagora zai hura wuta ya dafa shinkafa da kaza ko kifin gwangwani da shayi, ku shimfiɗa tabarma. Ka rataye abinci don ɓeraye, beguwa ma takan leƙo cikin dare. Ga wani abu da zai ba ka mamaki, alƙibla a Maleshiya yamma take, ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 292. Mu da muka tashi muna cewa fuskantar gabas sai ka ga jikinka yana son juyawa inda rana ke fitowa. Babu sabis a ciki, toh ka riƙe ƙaramin kamfas ko ka tabbata na wayarka yana aiki ba intanet, ka sauke lokutan salla tun daga gari. Matafiyi ne kai, kasaru ta halatta.

A hanyar dawowa ana tsayawa a zangon mutanen Batek, 'yan asalin dajin, suna nuna yadda suke farauta da dogon bututun gora da ake hura ƙaramar kibiya mai dafi, da yadda suke haɗa wuta da igiyar daji. Ka nemi izini kafin hoto, musamman mata da yara, ka sayi abin da suka saƙa da hannunsu. Gidansu ka shiga, ka yi musu yadda kake so baƙo ya yi a zauren gidanku.

In ka ji ana maganar Gunung Tahan, dutsen da ya fi kowane tsayi a ɓangaren ƙasar da Kuala Lumpur take, mita 2,187, wannan tafiyar sati ce ta daban, ba ta zuwan farko ba.

Mataki na biyar, Langkawi da jirgi

Rana ta bakwai ka koma Kuala Lumpur ka kai kaya wanki ka kwana, ta takwas ka hau jirgin sama awa ɗaya zuwa Langkawi. Mai son ƙasa zai iya bin jirgin ƙasa ko bas zuwa arewa ya hau feri daga Kuala Perlis ko Kuala Kedah, amma yini guda zai tafi. Langkawi tarin tsibirai 99 ne a jihar Kedah, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duwatsu na duniya a 2007, kuma tun 1987 ba a biyan haraji a kan yawancin kaya a can. Hutun mako a Kedah Juma'a ne da Asabar, ka sa wannan a lissafi in kana da hulɗa da banki ko ofis.

Jiragen suna tashi ne daga Kuah ko Telaga ko Rebak. Tunda ba ka da takardar tuƙi, jirgi da kyaftin ɗinsa za ka ɗauka, wani lokaci da mai dafa abinci. Kuɗin na jirgi ne ba na kai ba, shi ya sa tafiyar ta fi daɗi ku shida ko takwas ku raba. Ku nemi katamaran, mai gindi biyu, ba ya kwanciya gefe kamar mai gindi ɗaya, jiri ya fi sauƙi, kuma ɗakuna a rabe suke gefe da gefe in akwai iyali.

A nan aka taɓa cutarmu. Zuwanmu na farko mun biya wani kamfani saboda hotuna masu kyau, aka ce yawon jirgin ƙyalle, muka shiga sai ga mutum talatin da kiɗa da giya kyauta, ƙyallen ko kwance shi ba a yi ba, awa uku inji na ƙara muka dawo rai a ɓace. Don haka ka yi tambayoyin nan a rubuce kafin ka tura ko sisi. Jirgin namu ne mu kaɗai. Za a ɗaga ƙyalle in akwai iska. Abincin halal ne kuma ba ma son giya a ciki. Mai da kuɗin tsayawa suna cikin farashin. Akwai rigar ceto daidai kowa har yara. In hadari ya hana fita ya za a yi da kuɗinmu. Sannan mafi muhimmanci ka ce ba za ku tsallaka ruwan Tailan ba, don tsibiran Tarutao da Lipe suna nan kusa kuma 'yan yawon buɗe ido suna yawan zuwa, amma kai bizarka ta Maleshiya ce, wataƙila ma ta shiga ɗaya, in ka fita ka jawo wa kanka abin da ba ka shirya ba.

Kwana uku dare biyu sun isa, uku in aljihu ya yarda. Daren farko a kudu, tsakanin Singa Besar da Dayang Bunting, inda duwatsu suka kare iska. A Dayang Bunting akwai tafkin ruwan daɗi a tsakiyar tsibiri, ana hawa matakala a sauka, suna da tatsuniyar cewa macen da ta yi wanka a ciki za ta samu haihuwa, kai dai ka je don kyan wurin, ka sa rigar ceto don yana da zurfi sosai, ka ɓoye leda da abinci saboda biran wurin suna fizge wa mutum a hannu. Rana ta biyu ku bi gabas ku hau arewa zuwa Kilim, ana shiga ta wata 'yar tsaga tsakanin duwatsu biyu sai ka tsinci kanka a ruwa kwance kamar faranti, itatuwa sun tsiro cikin ruwan gishiri saiwoyinsu a waje, shirwa ja mai farin kai tana shawagi. Wasu masu jirage suna watsa musu fatar kaza don baƙi su ɗauki hoto, ka ce ba ka so, yana lalata musu farauta. Daga nan Tanjung Rhu mai farin yashi.

Jirgin ƙyalle ba ya sauri, kamar kilomita 9 ko 10 a awa, gudun keke. Amma lokacin da kyaftin ya juya hancin jirgi ya fuskanci iska, aka ja igiya ƙyallen ya hau yana faɗa-faɗa, ya karkata kaɗan ƙyallen ya cika ya yi tam, sannan ya kashe inji, wannan shirun ban san da me zan kwatanta shi ba, ba ka jin komai sai ruwa yana tsagewa a ƙasa. Ka roƙe shi ya ba ka sitiyari, suna bayarwa, zai ce ka zaɓi wani dutse a gaba ka riƙe hanci a kansa, kuma kar ka murɗa da yawa don jirgi yana jinkirin amsawa.

Dokokin ciki kaɗan ne amma ba wasa. Hannu ɗaya kullum yana riƙe da wani abu. Sandar ƙarfen da ke ƙasan babban ƙyalle tana lilo in za a juya, in ka ji kyaftin ya yi magana sunkuya. Kar ka naɗa igiya a hannu, kar ka taka ta. Ba a shiga da takalmi. Banɗaki na famfo ne, ba a jefa komai ciki ko tishu, ka sa a nuna maka yadda ake bugawa tun ranar farko. Ruwan daɗi na tanki ne ana tattalinsa, toh alwala ka ɗebi na teku da bokiti, ai hadisi ya ce ruwansa mai tsarki ne. Jirgin da ke kan anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe shi, yana juyawa da iska, ka duba alƙibla daf da kabbara, in tsayuwa ta gagara saboda tangaɗi ka zauna.

Maganin jiri ana shansa awa ɗaya kafin a tashi, in amai ya fara ya makara. Ka ci abu kaɗan mara maiƙo, ka tauna citta, ka zauna a waje kana kallon inda sama ta haɗu da ruwa, kar ka shiga ɗaki kar ka kalli waya. Man kare rana kuma ka shafa, baƙar fata ma tana ƙonewa a teku, wuyana da hancina sai da suka saɓule. Kafin ka faɗa ruwa ka tambayi kyaftin ko akwai igiyar ruwa mai ja, don teku a nan yana cika yana janyewa mita 2 ko fiye, kuma ka tambayi jelifish, wani abu mai kama da farar leda mai harbi, akwai masu mugun dafi a yankin. Ka yi iyo da doguwar riga da wando, ka tabbata akwai binega, wato ruwan khal, a jirgin don ita ake zubawa a wurin harbin, ba a gogewa, in numfashi ya fara wuya kuma asibiti kai tsaye, lambar gaggawa 999.

Komawa

Kar ka sa jirgin gida ranar da za ka sauka daga na ruwa, ka bar kwana ɗaya a tsakani saboda iska ba ta san tikiti ba. Wannan ranar ka shiga Kuah ka yi tsaraba, cakulan da faranti da turare suna da sauƙi. Za ka ji ƙasa tana lilo da kai har washegari, yana wucewa. Ka wanke takalmi da safa ka shanya su sosai kafin su shiga akwati.

In ka dawo gida zazzaɓi ya kama ka cikin wata guda da dawowarka, kar ka ce maleriyar da ka saba ce ka wuce kemis. Ka je asibiti ka gaya wa likita ƙarara cewa ka kwana a dajin Maleshiya ka shiga rafi, don akwai zazzaɓin dengi da sauron rana ke kawowa, akwai wata maleriya ta birai da ke saurin tsananta, akwai kuma cutar fitsarin ɓera da ake ɗauka a ruwa, kowace da gwajinta. Kafin a gano ko wacce ce fanadol kawai za ka sha, ban da asfirin da ibuprofen, don in dengi ne suna iya jawo zubar jini.